Gasar Takobi: Tarihin Kokawar Ƙasa a Nijar

Gasar Takobi ita ce babbar gasar kokawar gargajiya ta Jamhuriyar Nijar, kuma a duk ƙasar Hausa babu wani wasan gado da ake bibiyar sakamakonsa kullum kamar ta. Jihohi 8 ne ke karawa: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace tana kawo 'yan kokawa 10, wato ƙarti 80 ke nan, a shafe kwana 10 ana gwabzawa. Wanda ya yi saura shi ake miƙa wa takobi, ya zama sarkin kokawa na shekarar.

Kokawar kanta ta girmi gasar nesa ba kusa ba. Wasan kaka ce. Idan an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sai samarin wani ƙauye su ɗauki makaɗansu su nufi wani, a share fage a zuba. Ladan wanda ya yi kaye shi ne suna, da kari daga masu hali, wani lokaci har da farin jinin 'yan mata. Ba a rubuta komai. Abin da makaɗi ya saka a waƙa shi ne tarihi, abin da ya manta kuwa ya bi iska.

Sauyi ya zo bayan juyin mulkin watan Afrilu na 1974, da ya ɗora Seyni Kountché kan mulki. Gwamnatinsa ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, tana neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu wuri guda, sai ta ga kokawa na iya yin wannan aiki. A 1975 aka yi gasar farko a Tawa, Yakuba Ango na Maraɗi, wanda aka fi sani da Kantu, ya lashe. Tun daga nan gasar ke zagaya jihohi, kowace ta karɓi baƙunci idan layi ya zo kanta, ko da yake akwai shekarun da ba a yi ba. Filayen kokawar da aka giggina sun zama kundin tarihi: na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso Salma Ɗan Rani, na Damagaram Langa-Langa, na Tawa kuma Hamidin Mai Dare.

Daɗin bibiyar gasar yana cikin tsarinta. Ba a raba 'yan kokawa bisa nauyi, siriri na iya faɗawa hannun ƙato, kuma sau da yawa dabara ce ke fitar da shi. Jiha tana karawa da jiha, duk wanda aka kayar ya fita daga sahun masu neman takobi, ko da zai ci gaba da kare martabar jiharsa. Saboda haka lissafin da ake yi kowace yamma ɗaya ne: mutum nawa suka rage wa kowace jiha da ba su sha kaye ba? Adadin na raguwa kullum, gardama na ƙaruwa a kasuwa da tashar mota. Rediyon Muryar Sahel da talabijin na Tele Sahel su suka kai wannan lissafi lungu-lungu, har ya tsallaka iyaka zuwa Katsina da Sakkwato da Kano, yanzu kuma wayar hannu da Facebook sun karɓi aikin. A cikin fage kuwa komai na nan yadda aka gada: kirari, layu da guraye, ganga, waƙoƙin irin su Sagalo, da 'yan cali-cali masu kwaikwayon 'yan kokawa don ba da dariya.

Cikin zakarun baya-bayan nan, Kadri Abdu na Doso, mai laƙabin Isaka Isaka, ya yi zarra. A ƙarshen Disamba na 2023, a karo na 44 da aka yi a Agadas, ya ɗauki takobi na 6, abin da wani bai taɓa yi ba kafinsa.

Idan ana neman abin kwatance a duniya, sai a dubi sumo, kokawar Japan. Can ma babu ajin nauyi, kuma ƙasa gaba ɗaya ke sa ido. Amma tun 1958 gasa 6 suke yi a shekara, kowace kwana 15: uku a Tokiyo, ɗaya-ɗaya a Osaka da Nagoya da Fukuwoka. Kafin kowace gasa ana fitar da takardar matsayi, wanda ya fi yin kaye ya hau, wanda ya fi sha ya sauka. Shi ya sa mai bibiyar sumo zai faɗa maka kai tsaye cewa Hakuho, ɗan Mongoliya da ya yi ritaya a 2021, ya ci gasa 45, ya kuma nuna maka sakamakon kowace karawarsa a rubuce. Nan ne Takobi ta yi rauni. Sunayen zakaru an adana, amma wa ya kayar da wa a rana ta uku ta gasar 1980, sai dai a nemi dattijon da ya gani.

A ɓangaren Najeriya ana kokawa a bikin kamun kifi na Argungu da wasannin ƙasa, kuma a da 'yan kokawar ƙasashen biyu kan haɗu a gasar ECOWAS. A Kano dai dambe ya fi ta tara jama'a, kuma har yau jihohin Arewa ba su da wata gasar kokawa ta shekara-shekara da ta kama ƙafar Takobi.