Katin Shaida da Idon Ɗan Sanda: Wa Ake Tsayarwa a Titunan Amurka?

Tsakanin watan Maris na 1975 da Janairun 1977, 'yan sanda a jihar Kalifoniya sun tsare Edward Lawson sau 15. Baƙar fata ne mai dogon gashi murɗaɗɗe, ma'abocin yawo da ƙafa cikin dare, kuma sau da yawa ƙafar tasa kan kai shi unguwannin fararen fata. Abin da ake nema a wajensa kowane lokaci shi ne shaidar ko wane ne shi. Ya kai ƙara, a 1983 Kotun Ƙoli ta rushe dokar da ake tsare shi da ita, saboda ta bar wa ɗan sanda shi kaɗai ya yanke wace shaida ce ta gamsar da shi. Lawson ya yi nasara, sai dai tambayar da rayuwarsa ta tayar tana nan: cikin dubban masu wucewa, me ya sa shi ido ya faɗa wa?

A rubuce, ƙa'idar ba ta da wuyar fahimta. Gyara na huɗu na kundin tsarin mulkin Amurka ya haramta kamu da caje ba bisa dalili ba. A shari'ar Terry da jihar Ohio ta 1968, kotu ta yarje wa ɗan sanda ya tsayar da mutum na ɗan lokaci, har ya lalube jikinsa idan yana jin tsoron makami, muddin yana da zargi mai madogara wanda zai iya bayyanawa da baki. A 1979, a shari'ar Brown da jihar Teksas, ta ce ganin mutum a lungun da aka sani da cinikin ƙwaya bai isa a tilasta masa faɗin sunansa ba. A 2004 kuwa, a shari'ar wani makiyayi mai suna Hiibel da aka tambaya sunansa sau 11 ya ƙi, aka ci shi tarar dala 250, alƙalai biyar cikin tara suka ce jiha na iya wajabta faɗin suna, amma sai idan tsayarwar tun farko halastacciya ce. Direba dai dole ya nuna lasisinsa. Mai tafiya a ƙasa da ba a zarginsa da komai yana da ikon ya yi shiru ya wuce.

Abin da nake son tabbatarwa shi ne, wannan ƙa'ida tana gadin ƙofar da ba ta nan ake shigowa ba. Tana auna dalilin da ɗan sanda ya bayar bayan ya tsayar da mutum, alhali son zuciya yana aikinsa ne tun kafin nan, lokacin da ido ke zaɓen wanda za a nema wa dalili. Kotun da kanta ta toshe hanyar bincikar wannan zaɓe a shari'ar Whren ta 1996, inda ta ce idan direba ya karya ko da ƙaramar dokar hanya ce, kamar juyawa ba tare da kunna sigina ba, to abin da ke cikin zuciyar ɗan sandan bai shafi gyara na huɗu ba. Wane direba ne zai yi tuƙin rabin awa bai yi wani ɗan kuskure ba? Ke nan kowa ana iya tsayar da shi, kuma inda kowa ke hannu, wanda aka ga dama shi ake kamawa.

Birnin New York ya ba mu lissafin da za a gwada wannan magana da shi. A hukuncin da mai shari'a Shira Scheindlin ta yanke a watan Agustan 2013 a shari'ar Floyd, an bi diddigin tsayarwa miliyan 4.4 daga 2004 zuwa tsakiyar 2012. Kashi 52 cikin ɗari na waɗanda aka tsayar baƙaƙen fata ne, kashi 31 'yan asalin Latin Amurka, kashi 10 fararen fata, a birnin da baƙaƙe ba su wuce kashi 23 ba. Kashi 88 an sallame su ba kamu ba sammaci. Takardar da ɗan sanda ke cikewa a lokacin tana da gurabun da ake sa wa alama, kuma cikin waɗanda aka fi zaɓa akwai na motsin rashin gaskiya da na unguwa mai yawan laifi. Waiwaye na iya shiga gurbin farko, haka sa hannu a aljihu, haka sauya hanya. Na biyun kuwa adireshin talaka ne kawai.

Masu kare tsarin suna da hujjar da ta cancanci amsa. Suna cewa 'yan sanda na zuwa inda laifi yake ne, don haka da yawan waɗanda ake zargi ya kamata a gwada, ba da yawan jama'a ba. Amma tunda kusan tara cikin goma ba a same su da komai ba, gwada su da masu laifi yana nufin kamannin fata ya zama tuhuma. Ga kuma abin da ya fi ƙarfi: an sami makami a kashi 1.4 na fararen da aka tsayar, a kashi 1.0 na baƙaƙe. Da ma'auni ɗaya ake amfani da shi, da ba a fi yin kuskure a kan baƙaƙe ba. Su da ɗan ƙaramin zargi ake taɓa su. Da aka rage aikin daga tsayarwa 685,724 a 2011 zuwa 11,629 a 2017, kisan kai a birnin bai ƙaru ba, ya sauko ne daga 515 zuwa 292.

Akwai masu cewa mai gaskiya ba ya tsoron nuna kati. Wannan magana ta manta da abin da kati ya zama a zamanin kwamfuta. A shari'ar Strieff ta 2016, jihar Utah ta amsa cewa ɗan sandan da ya tsayar da Strieff ba shi da isasshen dalilin tsayar da shi. Ya karɓi katinsa, aka duba suna, aka ga akwai warantin kamu kan wani ƙaramin laifin hanya, ya caje shi ya sami ƙwaya, kotu kuma ta karɓi shaidar. Mai shari'a Sonia Sotomayor ta ƙi amincewa, ta kawo misalin garin Ferguson, mai mazauna 21,000, inda a lokacin mutum 16,000 ke da waranti a kansu, akasari na tarar da ba a biya ba. A irin wannan gari, duk sunan da aka karɓa ba bisa ƙa'ida ba yana iya halasta kansa daga baya. Ni a ganina wannan hukunci ya kwashe wa shari'ar Brown ƙarfinta.

Kuma miƙa hannu zuwa aljihu ba kowa yake yi cikin aminci ba. 'Yan Afirka ta Yamma mazauna yankin Bronx na New York, har da Hausawan Gana da Nijar, sun san labarin Amadou Diallo, ɗan Gini mai sayar da kaya a bakin titi. Ranar 4 ga Fabrairun 1999, a ƙofar gidansa, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka harba masa harsashi 41, guda 19 suka same shi. Abin da ya ciro daga aljihu walat ɗinsa ne. An wanke dukansu huɗun a kotu.

Gyaran da ake buƙata shi ne a mayar da nauyin bayani kan mai tsayarwa. Tun Oktoban 2018 wata dokar birnin New York ta wajabta wa ɗan sanda, a wasu nau'o'in tsayarwa, ya faɗi sunansa da dalilinsa, ya kuma miƙa katinsa idan bai yi kamu ba. Mataki ne mai kyau, amma ba zai yi tasiri ba sai an haɗa shi da abu biyu: a riƙa buga ƙididdigar kowane ofishi da yawan abin da ake samu a cajensa bisa launin fata, sannan kotuna su ƙi karɓar duk shaidar da ta fito daga tsayarwar da ba ta da tushe, ko da an tarar da waranti daga baya.