Littafin Kakana da Sikelin Gyaɗa

Kakana malamin sikeli ne a zamanin gyaɗa. Manoman Dutse da Kiyawa da Shuwarin su kawo, shi ya auna, a ɗinke buhu a yi Kano da shi, inda tun 1912 jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa zuwa Ikko. Abin da ya bar mana bai wuce wani littafi mai jan bango ba, shafi bayan shafi duk lambobi.

Mahaifina ya ce kowace safiya, kafin buhun kowa ya hau sikeli, sai tsoho ya ɗora dutsen awo wanda ya san nauyinsa, ya rubuta abin da allura ta nuna. In ta ɗan goce sama yau, gobe ta ɗan goce ƙasa, ba ya damuwa, ya ce halin ƙarfe ne. Amma in ta yi kwana bakwai tana karkata gefe guda, to awo ya tsaya sai makaniki ya zo. "Ɗana," in ji tsoho, "sikeli ba ya ƙarya rana ɗaya, a hankali yake koyonta."

Haka ma masu duba amfanin gona na hukumar sayen gyaɗa da aka kafa a 1949 suna da tasu dabarar a wancan zamani. Ba kowane buhu suke kwancewa ba. Su soka ƙarfe mai kogo a wasu buhunan, daga sama da tsakiya da gindin tari, su ƙirga ruɓaɓɓu da tsakuwa, su yanke wa tarin duka daraja.

Sai da na shiga aikin injin casar shinkafa na ji sunan Walter Shewhart, wanda a 1924 ya zana wa kamfanin Western Electric na Amurka jadawali mai layin iyaka sama da ƙasa, don raba tangal-tangal na yau da kullum da lalacewa ta gaske. Ina ganin jadawalin na tuna littafin kakana.

Yau injinanmu na Jigawa suna da na'urar auna danshi da zafi, muna kuma gaskata duk abin da allonsu ya nuna. Amma nawa ne cikinmu ke gwada na'urar kanta, su rubuta sau nawa ta kuskure cikin ɗari? Ni dai na sayi nawa littafin. Kowace safiya, kafin a kunna inji, nakan fara da dutsen awo.