Daga Auna Kai Zuwa Leƙa Ƙwaƙwalwa: Waiwaye Kan Hoton Ciki

Shekaru saba'in da suka wuce, in mace mai juna biyu ta je awo, likita ya fi dogara ne da tafin hannunsa da kunnensa. Zai lalubi cikin, ya saurari bugun zuciyar ɗan tayi, sauran kuma sai ranar haihuwa. Nakasar ƙwaƙwalwa ko ta ƙashin baya, galibi a hannun unguwarzoma ake fara ganinta.

Sauyin ya faro ne daga birnin Gilasgo na Sikotilan. Farfesa Ian Donald, likitan mata, ya lura da wata na'ura da masana'antu ke gano tsagewar ƙarfe da ita ta hanyar aika sauti da sauraron amsa-kuwwarsa. Shi da injiniya Tom Brown da likita John MacVicar suka gyara ta don duba jikin mutum, suka wallafa sakamakonsu a mujallar Lancet a 1958. Hotunan farko dishi-dishi suke. A fannin awon ciki, abin da aka fara cin moriyarsa shi ne auna faɗin kan ɗan tayi don sanin girmansa da watannin cikin.

Stuart Campbell, wanda ya samu horo a hannun Donald, shi ya matsa gaba. A 1972 ya gano ɗan tayin da ƙoƙon kansa da ƙwaƙwalwarsa ba su ginu ba, tun cikin yana mako 17. A 1975 kuma ya gano tsagewar ƙashin baya, wato inda ƙasusuwan ba su rufe laka ba. Sai dai ganin wannan tsagewa kai tsaye yana da wuya, musamman in ƙarama ce ko ɗan tayin ya kwanta a kan bayansa.

Mafita ta zo a 1986 daga asibitin King's College na Landan. Kypros Nicolaides da Campbell da abokan aikinsu suka nuna cewa ciwon da ke baya yana barin shaida a kai. Da yake ruwan laka na tsiyaya ta wurin tsagewar, ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya takan zame ƙasa ta lanƙwashe kamar ayaba, goshi kuma ya matse ta gefe biyu kamar lemun tsami. Daga nan mai ɗaukar hoto ya san cewa in ya ga waɗannan alamu biyu, sai ya koma ya bi ƙashin baya gaɓa-gaɓa. A 1988 masu bincike a Amurka suka tsayar da wani ma'aunin: ramin ruwa na gefen ƙwaƙwalwa bai kamata faɗinsa ya wuce milimita 10 ba, in ya haura a bincika taruwar ruwa a kai. Ƙungiyar masana fannin ta duniya, ISUOG, ta tattara waɗannan darussa cikin ƙa'idojinta na 2007, ta bambanta duba na yau da kullum da zurfafan binciken ƙwararre.

Ganin ciwo da wuri ya buɗe ƙofar magani. Binciken da aka wallafa a Amurka a 2011 ya nuna cewa in aka ɗinke tsagewar tun ɗan yana ciki, kafin mako 26, kashi 40 cikin ɗari na yaran ne suka bukaci bututun janye ruwa daga kai, alhali kashi 82 ne a cikin waɗanda aka yi wa aikin bayan haihuwa. Aikin dai yana da haɗarin haihuwar bakwaini. Rigakafi kuwa ya riga shi zuwa: tun 1991 wani bincike na Birtaniya ya tabbatar da cewa ƙwayar folik asid ta rage maimaituwar irin wannan nakasa da kashi 72 cikin ɗari.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi hoto sau ɗaya kafin mako 24. A wajenmu da yawa sai ciki ya tsufa ake zuwa, tambayar farko kuma ita ce mace ce ko namiji. Lokacin da ya fi dacewa a duba kai da baya shi ne wajen mako na 20, wato wata na biyar. Magidanta su kai iyalinsu a wannan lokaci, wurin wanda ya san aikin. Mai neman haihuwa kuma ta fara shan folik asid tun kafin ta ɗauki ciki, domin hanyar laka takan rufe ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun samu ba.