Rosari: Carbin da Marasa Karatu Suka Gina wa Cocin Katolika

A majami'un Katolika da yawa, daga Italiya har Filifin, akwai wani hoto da masu zane ba su gaji da maimaitawa ba: Maryamu uwar Yesu tana miƙa wa Waliyyi Dominik carbi. Labarin da ke bayan hoton yana cewa a farkon ƙarni na 13, lokacin da Dominik ke yawon wa'azi a kudancin Faransa, Maryamu ta bayyana gare shi ta ba shi addu'ar Rosari a kammale. Fafaromomi da dama sun ambaci wannan labari a wasiƙunsu. Sai dai Dominik ya rasu a 1221, kuma waɗanda suka fara rubuta tarihinsa, da shaidun da aka saurara kafin a ayyana shi waliyyi a 1234, babu wanda ya ambaci wannan kyauta. Sai bayan kusan shekara 250 labarin ya fito daga bakin wani mai wa'azi ɗan ƙungiyarsa, Alan de la Roche. Malaman Katolika ne da kansu suka tono wannan giɓi, tun daga masu binciken tarihin waliyyai na ƙungiyar Jesuit a Beljiyam a ƙarni na 18 har zuwa Fada Herbert Thurston na Ingila a farkon ƙarni na 20. Wasu masu ibada suna jin kamar an rage wa Rosari daraja da wannan bincike. A ganina tarihin gaskiya ya fi labarin ƙima, domin shi ne yake nuna matsalar da aka ƙirƙiro wannan addu'a don warwarewa: ta yaya mutumin da bai iya karatu ba, ba shi da littafi, zai zauna ya yi bimbini a kan rayuwar Almasihu?

Ƙirga addu'a ya girmi Rosari nesa ba kusa ba. Marubuta na ƙarni na 5 sun ba da labarin wani mai zuhudu a hamadar Masar, Bulus na Ferme, wanda yakan tara tsakuwa 300 a cinyarsa, yana jefar da ɗaya duk sanda ya gama addu'a guda. A gidajen zuhudu na Turai kuwa, ƙashin bayan ibada shi ne Zabura 150, waɗanda ake rerawa da Latin. Amma a cikin gidajen akwai 'yan'uwa masu aikin gona da kiwo da ba su san baƙi ba balle Latin, sai aka sauƙaƙa musu: a madadin Zabura su yi addu'ar Ubanmu, wadda Yesu ya koya wa almajiransa, sau 50 ko 100 ko 150. Wanda zai yi haka dole ya nemi abin ƙirga, sai igiya mai ƙulli da duwatsun da aka shirya a zare suka yaɗu. Kafin ƙarshen ƙarni na 13 masu sana'ar yin waɗannan carbuna sun yi yawan da har suna da ƙungiyoyinsu a Faris, kuma wani layi a Landan ya ɗauki sunansa daga irin wannan carbi. Akan ji ana cewa Turawa sun kwaikwayi carbi ne daga Musulmi a lokacin yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya. Cuɗanya ta faru, babu shakka, amma akwai shaidar da ta riga ta: wata basarakiya ta Ingila, Godiva ta Koventiri, ta bar wasiyyar zaren duwatsu masu daraja da take ƙirga addu'a da su, kuma ta rasu kafin a fita yaƙin farko a 1096. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne, duk al'ummar da ke maimaita ambaton Allah takan kai ga carbi da kanta.

Daga ƙarni na 12, addu'ar gaisuwar Maryamu ta fara shiga gurbin addu'ar Ubanmu a wannan ƙirga. A lokacin gajeriya ce, an haɗa ta daga wurare biyu a babi na farko na Bisharar Luka, wato gaisuwar mala'ika Jibra'ilu da ta Alisabatu. Rabin na biyu, inda ake roƙon Maryamu ta yi wa masu zunubi addu'a, ya zo daga baya, bai zauna daram ba sai da aka sa shi a littafin addu'ar Roma a 1568. Har zuwa nan dai ƙirga ce kawai ake yi. Wanda ya sauya al'amarin wani matashi ne ɗan ƙungiyar zuhudu ta Kartusiya a birnin Trier na Jamus, Dominik na Furusiya, wanda ya shiga gidan a 1409. Ya rubuta gajerun jimloli 50, kowace tana tuna abu ɗaya daga rayuwar Yesu, tun daga ɗaukar cikinsa har zuwa ɗaukakarsa, ya liƙa kowace a ƙarshen gaisuwa guda, daidai inda sunan Yesu ya faɗo. Wannan ƙaramin gyara shi ne haihuwar Rosari yadda aka san shi. Leɓe yana gaida uwa, zuciya tana bin ɗa daga Baitalami zuwa Urushalima. Mai yiwuwa ne ma kamancin sunan da ke tsakanin wannan Dominik da wancan ya taimaka wajen cakuɗa labarin.

Abin da ya rage shi ne a fito da addu'ar daga gidan zuhudu zuwa kasuwa, kuma a nan Alan de la Roche ya cancanci yabo duk da labarin da ya yaɗa ba tare da hujja ba. Ya kafa ƙungiyar masu wannan addu'a a garin Douai a 1470. A 1475, shekarar da ya rasu, Jakob Sprenger ya kafa wata a Kolon, wadda ta bazu kamar wutar daji saboda sharuɗɗanta: ba a biyan kuɗin shiga, mace da namiji, attajiri da matalauci duk ɗaya, abin da ake nema kawai a rubuta sunanka ka riƙa yin addu'ar a duk mako, a duk inda kake. Jimloli 50 ko 150 sun yi wa talaka yawa ya haddace, sai aka taƙaita. Wani littafi da aka buga a Ulm a 1483 ya nuna al'amura 15 cikin hotuna, biyar-biyar a shafi, don wanda bai iya karatu ba ya duba ya riƙe. A 1569 Fafaroma Pius na V, shi ma ɗan ƙungiyar Dominik, ya tabbatar da tsarin: gaisuwa 150 a rukuni goma-goma, kowane rukuni da addu'ar Ubanmu a gabansa, kowane kuma da asirinsa, wato al'amarin da ake bimbini a kansa, biyar na farin ciki, biyar na baƙin ciki, biyar na ɗaukaka. Duk wani mataki a wannan tafiya ta ƙarnoni ya nufi waje guda, wato a sauƙaƙa wa mai addu'a riƙe labarin Almasihu a ka.

Suka ta farko da ake yi wa Rosari tsohuwa ce, kuma tana da nauyi. Tun zamanin gyaran Furotesta ake nuna babi na shida na Bisharar Matiyu, inda Yesu ya hana almajiransa yawan surutu marar ma'ana a addu'a, irin na masu zaton yawan magana ne zai sa a ji su. Mutumin da ya maimaita addu'a ɗaya sau 53 a zama guda, ba shi ake nufi ba? Amsar malaman Katolika ita ce abin da aka hana shi ne zaton ana iya tilasta Allah da yawan kalmomi. Maimaici shi kansa yana nan cikin Littafi Mai Tsarki: Zabura ta 136 tana dawo da amshi ɗaya a ayoyinta 26, kuma Matiyun nan ya ce Yesu ya koma addu'a sau uku a Gatsemani yana faɗin magana ɗaya. Akwai kuma hikimar da duk mai riƙe carbi ya sani, ko wane addini yake bi. Hankalin ɗan Adam ba ya zama wuri ɗaya. Idan aka ce masa ya yi shiru ya yi tunani, kafin minti biyu ya tafi gona ko kasuwa. Mace mai kaɗin auduga hannunta yana aiki da kansa, shi ya sa take iya sauraron labari tun daga farko har ƙarshe ba ta rasa zarensa ba. Haka yatsu da leɓe suke samun abin yi a Rosari, zuciya ta sami sararin tsayawa a gindin gicciye. Duk da haka ba gaskiya ba ne a ce masu sukar ba su ga komai ba. An yi zamanin da wa'azin Rosari ya cika da lissafin lada da alkawuran da ba su da tushe, kuma har yau akan ji ana zuba shi da gudu kamar ana tsere. Fafaroma Paul na VI da kansa ya yi wannan gargaɗi a 1974, inda ya kwatanta Rosarin da babu bimbini a cikinsa da gangar jikin da rai ya fita, ya kuma ce kuskure ne a riƙa jan carbi ana tsakiyar ibadar Mas.

Suka ta biyu ta fi zurfi, domin ta taɓa aƙida: gaisuwa goma ga Maryamu, addu'a ɗaya ga Uba, ashe ba an fifita baiwa a kan Ubangijinta ba? Koyarwar Katolika ta bambanta sujada, wadda ta Allah ce shi kaɗai, da girmamawar da ake yi wa waliyyai, kuma taron bishop-bishop na biyu a Nikiya ya fayyace wannan bambanci tun 787. Taron Vatikan na biyu ya sake jaddadawa a 1964 cewa matsakanci ɗaya ne, Almasihu, kuma duk abin da ake faɗa game da Maryamu daga gare shi yake samo ƙarfi. Kalmomin addu'ar ma roƙo ne cewa ta yi addu'a domin mai roƙon, kamar yadda ake neman addu'ar wani bawan Allah. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce abin da ake tunawa a kan duwatsun. Cikin asirai 20 na yau, 18 al'amura ne da Sabon Alkawari ya ba da labarinsu, tun daga albishir ɗin mala'ika zuwa saukowar Ruhu Mai Tsarki. Biyu ne kacal, ɗaukar Maryamu zuwa sama da naɗa mata kambi, suka dogara ga al'adar Coci, kuma na farkon bai zama aƙidar dole ba sai 1950. Wannan ba zai gamsar da Kiristan da bai yarda a roƙi addu'ar wanda ya bar duniya ba, kuma ya kamata a faɗi haka a fili: saɓanin yana kan zumuncin tsarkaka, ko da babu carbi zai kasance.

Akwai wani babi da mai karatu Musulmi yake da haƙƙin ya tambaya a kai. Ranar 7 ga Oktoba 1571 jiragen ruwan ƙawancen ƙasashen Katolika suka ci rundunar Daular Usmaniyya ta Turkiyya a Lepanto, kusa da gaɓar Girka. Pius na V ya danganta nasarar ga addu'ar Rosari da aka yi a Roma, ya kafa idi don tunawa, wanda magajinsa Gregory na XIII ya sa wa sunan idin Rosari a 1573. A yau ranar 7 ga Oktoba ce ake yin sa, kuma akwai masu son mayar da carbin tutar gaba da Musulunci. Tarihi bai ba su goyon baya yadda suke zato ba, domin addu'ar ta girmi yaƙin da fiye da shekara 150, kuma babu ko asiri ɗaya a cikinta da ya shafi abokin gaba. Cocin ma ta sauya harshe: a 1965 taron Vatikan ya yi magana da girmamawa game da Musulmi, har ya ambaci darajar da suke ba Maryamu, kuma a shekarar nan ce Paul na VI ya mayar wa Turkiyya wata tuta da aka ƙwace a Lepanto.

Inda aka fi ganin amfanin Rosari shi ne inda Fada ya yi ƙaranci. A Ayalan, lokacin dokokin da suka takura Katolika a ƙarni na 17 da na 18, iyalai sun riƙe shi a gida da dare, har aka yi ɗan ƙaramin carbi mai duwatsu goma da ake ɓoyewa a tafin hannu. A Japan, bayan haramta Kiristanci a 1614, wasu ƙauyuka sun yi fiye da shekara 200 babu limami, suna miƙa wa 'ya'yansu addu'o'in da baki, har ranar da wasu daga cikinsu suka bayyana kansu ga wani Fada Bafaranshe a Nagasaki a 1865, suna tambayar ina siffar Maryamu take. A Arewacin Najeriya ma, inda 'yan mishan na ƙungiyar SMA suka kafa tasha a Shendam a 1907, ƙauyuka da yawa sun saba da ganin Fada jefi-jefi, katikis ne ke jan ibada, kuma Rosari yana cikin abin da jama'a ke iya yi da Hausa ko da harshensu ba tare da jiran kowa ba, musamman a watan Oktoba da Fafaroma Leo na XIII ya keɓe masa tun 1883.

Gyara na baya-bayan nan ya zo ranar 16 ga Oktoba 2002, sanda Fafaroma John Paul na II ya lura cewa tsohon tsarin yana tsallakewa daga ƙuruciyar Yesu kai tsaye zuwa shan wuyarsa, ya bar shekarun wa'azinsa gaba ɗaya. Sai ya kawo asiran haske guda biyar: baftisma a Kogin Urdun, bikin aure a Kana, shelar Mulkin Allah, sāke kamanni a kan dutse, da kafa Jibin Ubangiji, ya ba da shawarar a yi su ranar Alhamis. Da wannan ƙari gaisuwar ta tashi daga 150 zuwa 200, lissafin da ya ɗaure Rosari da Zabura tun asali ya warware, kuma wasu masu riƙon tsohuwar al'ada sun ƙi karɓa saboda haka. Fafaroman bai tilasta wa kowa ba, ya bar wa mutane da majami'u zaɓi, sai ga shi cikin 'yan shekaru yawancin littattafan addu'a na Katolika sun fito da asirai 20.