Mary Slessor a Ƙasar Okoyong: Abin da Littafin Firamare Bai Faɗa Ba

Kusan duk wanda ya yi makarantar firamare a ƙasar nan ya haddace jimla guda game da Mary Slessor, wato ita ce ta hana kashe tagwaye a Nijeriya. Wannan jimla tana da daɗin haddacewa, amma ta yi wa tarihi ƙwange ta fuska biyu: ta ɗora wa mutum ɗaya aikin jama'a masu yawa, sannan ta ɓoye ainihin wahalar da baiwar Allahn nan ta sha.

An haifi Mary a garin Aberdeen na ƙasar Sikotland a ranar 2 ga Disamba, 1848. Mahaifinta baduku ne mai ɗinkin takalma, amma giya ta ci ƙarfinsa. A 1859 talauci ya kore su zuwa Dundee, inda ta shiga masaƙa tana 'yar shekara 11, rabin yini aiki, rabin yini makaranta. Da ta kai 14 sai ta koma aikin sa'o'i 12 a kullum. Wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan, domin yarinyar da ta tashi tana gudun dukan mashayin uba, tana kuma koyar da yaran lungu masu taurin kai, ba a Afirka ta fara ganin yunwa da tashin hankali ba. Rasuwar David Livingstone a 1873 ce ta ƙara zaburar da ita, har ta nemi aikin mishan. A watan Agusta na 1876 ta shiga jirgin ruwa, ta sauka Kalaba tana da shekara 27.

Ba daji ta tarar ba. Shekara 30 ke nan da Hope Waddell ya kafa mishan a wurin, tun 1846, kuma sarakunan Efik attajirai ne da suka daɗe suna cinikin manja da Turawa. Tun 1850 ƙungiyar Ekpe, wadda ke riƙe da doka a garuruwan, ta haramta kashe bayi don rakiyar gawar manya, kuma Sarki Eyo Honesty na Biyu na Creek Town yana cikin waɗanda suka tsaya a kan hakan. Ke nan gyara ya fara tun tana jaririya, kuma da hannun 'yan ƙasa a ciki.

Abin da ya bambanta ta da sauran 'yan mishan shi ne irin zaman da ta zaɓa. Zazzaɓin cizon sauro ya mayar da ita gida a 1879, amma da ta dawo a shekarar da ta biyo, sai ta zauna a Old Town cikin ɗakin ƙasa, tana cin doya da ayaba da kifi kamar kowa, domin ta riƙa aika yawancin albashinta ga mahaifiyarta da ƙannenta. Ta ƙware a harshen Efik ƙwarai. Daga baya ta yanke gashinta, ta ajiye takalmi da hula, abin da bai yi wa wasu Turawan Kalaba daɗi ba ko kaɗan. Bayan mahaifiyarta da ƙanwarta sun rasu a ɗan tsakani, babu sauran wanda zai yi kukan rashinta a gida, sai ta nemi a tura ta cikin ƙasa. A watan Agusta na 1888 ta isa ƙauyen Ekenge a ƙasar Okoyong, ba soja ba bindiga, sai marayun da take reno.

A nan ne labarin ya fi armashi. Mutanen yankin sun yi imani cewa ɗaya daga cikin tagwaye ɗan iska ne, kuma tun da ba a san wanne ba, sai a hallaka su duka a jefar a daji, uwar kuma a kore ta daga gari. Bahaushe da ke sa wa tagwayensa Hassan da Husaini yana alfahari zai ji abin banbaraƙwai, amma ya kamata ya lura cewa tsoro ne ya haifi al'adar, ba ƙeta ba. Ai mu ma muna jingina wa tagwaye wasu abubuwa na ban mamaki, sai dai namu ya tsaya a kan girmamawa. Haka kuma idan babban mutum ya mutu, akan ɗauka sammu ne, sai a ba waɗanda ake zargi waken esere mai dafi su sha. Wanda ya amayar ya kuɓuta, wanda ya mutu laifinsa ya tabbata.

A 1889 gungume ya faɗo wa Etim, ɗan Sarki Edem, ya yi jinya ya mutu. Aka kamo mutane daga wani ƙauye, har da mata masu goyo, aka ɗaure su a turaku don jiran dafi. Mary ta zauna a gabansu dare da rana, tana roƙo, tana gardama, tana ƙin gusawa, har aka sake su ɗaya bayan ɗaya, aka yanka saniya a madadin mutum. To, amma wa yake tsegunta mata duk lokacin da ake shirin kisa? Ma Eme ce, 'yar'uwar sarkin, wadda ta sa ranta cikin haɗari a ɓoye, alhali ba ta bar addinin kakanninta ba. Mary tana da kariyar farar fata da inuwar jiragen yaƙin Ingila. Ma Eme ba ta da ko ɗaya, kuma littafin firamare bai san sunanta ba.

Batun imani kuwa, shi ne ƙashin bayan komai, kuma a nan wani abin lura yake. Idan da yawan waɗanda suka karɓi addini ake auna ɗan mishan, to Mary ta faɗi jarrabawa, domin ta yi shekaru 15 a Okoyong waɗanda aka yi wa baftisma 'yan kaɗan ne, wasunsu ma 'ya'yan riƙonta ne. Wannan bai karya mata gwiwa ba. A wurinta ɗauko jariri daga daji, da wanke gyambo, da kwana a tsakanin ƙauyuka biyu masu shirin yaƙi tana saƙa da allura har fushi ya huce, su ne ibada. Musulmi ba sai ya yarda da aƙidarta ba kafin ya gane irin wannan tawakkali.

Sai dai akwai gefen da masu yabonta kan yi sauri su wuce. A 1892 Sir Claude MacDonald ya naɗa ta mataimakiyar jakada, ta riƙa shari'a a kotun gargajiya ta Okoyong da sunan gwamnatin Ingila. Ƙasashen da ta shiga daga baya, su Itu da Ikot Obong, bindigar yaƙin Aro na 1901 zuwa 1902 ce ta buɗe su. A ganina ba adalci ba ne a kira ta 'yar koren mulkin mallaka kawai, domin ta sha yin tsayin daka don kada a aiko sojoji ko baƙin alƙali da bai san al'adar mutane ba. Amma kuma ba gaskiya ba ne a ce hannunta bai taɓa igiyar mulkin ba. Tarihin rayuwarta da W. P. Livingstone ya rubuta jim kaɗan bayan rasuwarta an yi shi ne don masu ba da sadaka a majami'un Sikotland, saboda haka ya ƙara wa Okoyong duhu domin fitilarta ta ƙara haske. Daga irin wannan rubutu jimlarmu ta firamare ta samo tushe. Ɗalibin adabi zai amfana in ya karanta shi tare da Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, inda aka kalli zubar da tagwaye da zuwan 'yan mishan daga cikin gida, ko da yake a ƙasar Ibo ne.

Ta rasu a Use Ikot Oku a ranar 13 ga Janairu, 1915, tana da shekara 66, bayan zazzaɓi da ciwon gaɓɓai sun gama cinye jikinta. Aka ɗauko gawarta ta kogin Kuros zuwa Duke Town, an lulluɓe akwatin da tutar Ingila. Cikin masu makoki akwai Janie, 'yar tagwayen da ta tsamo tana jaririya fiye da shekara 30 kafin nan. Mutanen yankin kuwa Eka Kpukpro Owo suke kiran ta, wato uwar kowa da kowa.