Cuta A Makaranta: Wa Zai Kai Labari?

Jama'a, duk wanda ya girma a Jimeta ko cikin garin Yola ya san da zarar zafin Maris ya kama, hankalin iyaye ba ya kwanciya, don lokacin sanƙarau da ƙyanda ke nan. Makaranta kuwa, inda yara ke cunkushe a aji ɗaya, nan cuta ke samun gindin zama.

A zamanin En'e aikin duba-gari ne da masu unguwanni su kai labari idan agana ta ɓulla. Amma mutane kan ɓoye mara lafiya a ƙuryar ɗaki don tsoron a killace shi. Da aka tashi yaƙi da agana gadan-gadan a 1967, sai likitoci suka gane cewa gano mai cutar da wuri, a yi wa na kusa da shi lamba, shi ne maganin abin. Daga 1970 ba a sake ganinta a Nijeriya ba. A Indiya ma har makarantu aka riƙa shiga da hoton mai agana, yara na faɗin gidan da suka ga irinsa.

Bayan annobar shawara ta 1986, gwamnati ta kafa tsarin kai rahoton cututtuka a 1988. Duk da haka sanƙarau na 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, sama da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya, yara da yawa a ciki. A 2019 kuma amai da gudawa ya ratsa Yola ta Arewa da Yola ta Kudu da Girei.

Tsarin yau ga shi: ƙaramin asibiti ya sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, shi ya kai ma'aikatar lafiya ta jiha, daga nan sai hukumar NCDC a Abuja. To amma in labari bai fito daga aji ba, wa zai kai shi asibitin? Makarantun allo da Islamiyyunmu da dama ko rajistar kiran suna babu.

Shawarata ga ƙungiya, kowace makaranta tamu ta ajiye littafi. In yara biyu uku sun yi fashi da zazzaɓi, ƙuraje ko sanƙarewar wuya, malam ya sanar da asibiti mafi kusa a ranar, kada a jira gobe. Mu 'yan kasuwa kuɗin littafin ba zai gagare mu ba. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.