Mazan Jiya a Bakin Shuɗin Nilu: Daga Burmi Zuwa Mai Wurno

Tarihin girmama mazan jiya a ƙauyukan Hausawa da Fulani na Jazira da bakin Shuɗin Nilu ya faro ne daga wani fagen fama da ke nesa da ƙasar Sudan, wato Burmi, kusa da Bajoga a jihar Gombe ta yau. A ranar 15 ga Maris 1903 rundunar Turawan Ingila ta ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya ya ƙi miƙa wuya, ya ɗauki tuta ya nufi gabas, duk inda ya ratsa sai jama'a su bar gonaki da rumfunan kasuwa su bi shi. Tun zamanin Shehu Usmanu akwai maganar da ke yawo cewa wata rana jama'arsa za su yi hijira zuwa wajen kogin Nilu su sadu da Mahadi. Shi ya sa da yawa daga cikin masu tafiyar suka ɗauke ta a matsayin cikar alkawari.

A Burmi aka gwabza sau biyu. A watan Mayu mutanen garin suka kori Turawa, suka koma da raunuka. Ranar 27 ga Yuli Turawan suka dawo da ƙarin ƙarfi, aka wuni ana ba-ta-kashi, Attahiru ya yi shahada tare da mutane fiye da 600, gawawwakinsu zube kewaye da tuta. A ɓangaren Turawa, kwamandansu Manjo Marsh ya mutu da harbin kibiya mai dafi. Abin da ba a cika son faɗa ba shi ne, sojojin da suka harba bindigogin Turawa a ranar baƙar fata ne, kuma Hausawa na da yawa a cikinsu, har ma Hausa ce harshen rundunar. Ke nan tun daga ranar Bahaushe yana da mazan jiya iri biyu: wanda ya faɗi a gindin tuta, da wanda ya sa kakin Bature ya ci albashinsa.

Ɗan marigayin, Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'ar suka ci gaba da nausawa gabas. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana yada zango, a yi noma ko ƙodago a sami guzuri a ƙara gaba. Wajen 1906 suka iso Shaihu Talha, wani tsohon mazaunin Fulani a gabashin Shuɗin Nilu, daga baya suka ƙetare ruwa suka kafa garin da ya ɗauki sunan jagoransu, Mai Wurno, kudu kaɗan da Sinnar. Daga nan ne ƙauyuka suka yi ta tsirowa a bin kogin, da kuma wajen kogunan Dindir da Rahad.

A garin Mai Wurno ba a gina wa mutanen Burmi hasumiya ba, ba a sassaƙa gunkin kowa ba, domin addini bai yarda da hakan ba. Girmamawar ta bi hanyoyin da jama'ar suka gada. Sarauta ta zauna a gidan Mai Wurno, har yau ana kiran mai riƙe da ita Sultan. Zuriyar waɗanda suka yi hijirar suna ƙirga asalinsu daga wannan tafiya, kuma a wurinsu muhajiri ya sha bamban da wanda ya zo daga baya neman kuɗi ko ya maƙale a hanyar Makka. Wanda ya kwanta dama kuwa, haƙƙinsa a kan na baya sananne ne a duk inda Bahaushe yake: a yi masa addu'a, a yi sadaka da niyyarsa, a mayar da sunansa ga jariri, a riƙe iyalin da ya bari. Na ƙarshen nan shi ne mai wuya, kuma da shi ake gane mai godiyar gaske, don yabon mamaci ba ya cin ko sisi, ciyar da marayunsa kuwa aiki ne na kullum.

A gida Nijeriya lamarin ya ɗauki wani salo. Waziri Buhari da waɗanda suka zauna a Sakkwato sun zaɓi zama da Turawa don kare addinin talakawan da ba su iya tafiya ba, kuma a zamanin mulkin mallaka ba a ɗaga maganar Burmi da ƙarfi. Sai a 1960, shekarar samun 'yanci, aka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku tutar da aka ƙwace. Kabarin Attahiru yana nan a Burmi, masu ziyara suna zuwa.

Mutanen Mai Wurno ba su ne 'yan Afirka ta Yamma na farko da suka zubar da jini a Sudan ba. Kafin su, alhazai da almajirai daga ƙasar Hausa da Barno, waɗanda Larabawan Sudan ke yi wa kuɗin goro da sunan Fallata ko Takarir, sun shiga rundunar Mahadi Muhammad Ahmad, wanda daularsa ta faɗi a yaƙin Karari ranar 2 ga Satumba 1898. Bayan haka da yawa suka taru a tsibirin Aba suna yi wa ɗansa, Sayyid Abdurrahman, noman auduga don neman albarka. Wannan ya hana Turawa barci, har gwamnatin Nijeriya ta tura jami'inta G. J. Lethem a 1925 ya bi hanyar alhazai ya binciko yadda aƙidar Mahadiyya ke yawo tsakanin ƙasashen biyu.

Hidimar da ta fi kowace yawan mutane, da fartanya da kwando aka yi ta. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman Jazira, wanda ya zama ƙashin bayan arzikin Sudan na tsawon shekaru. Manomin da aka ba wa hawasha, wato yankin gonar da hukuma ke rabawa, ba ya iya aikinta shi kaɗai. Hausawa da sauran 'yan yamma su ne suka tsaya cikin ruwa har gwiwa suna yashe magudanai suna fama da tsargiya da zazzaɓi, su ne kuma suke shiga gona da sanyin asuba lokacin tsinkar auduga, mata da yara a layi, ƙaya tana yankar yatsu, a auna abin da mutum ya tsinka a biya shi. Da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930, masu hawasha da dama suka watsar da gonakin, 'yan yamma suka karɓa suka riƙe shirin bai durƙushe ba. Da kasuwa ta farfaɗo aka fara ƙyashin su. Har yau dubban ma'aikatan gona, jikokin 'yan yamma da mutanen Darfur da Kurdufan, suna zaune a kambo, matsugunan bukkoki a gefen magudanai, waɗanda akasarinsu ba makaranta ba asibiti.

A Yaƙin Duniya na Biyu wuta ta iso har ƙofar gida. Italiya ta kama Kasala a Yulin 1940, rundunar tsaron Sudan, wadda aka kafa a 1925, ta shiga yaƙin Iritiriya da Habasha, har da gumurzun Karan na 1941. A daidai lokacin, sojojin Nijeriya suna kutsawa daga Mogadishu zuwa Harar ta ɗaya ɓangaren. Sunan da ya fi fice daga cikin Hausawan Sudan a wannan yaƙi na mace ne. A'isha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da A'isha Fallatiya, 'yar wani malami ce mai asali daga ƙasar Sakkwato. Tana cikin matan farko da aka ji muryarsu a gidan rediyon Umdurman, a zamanin da ake ganin waƙar mace a bainar jama'a abin kunya ne, kuma ta bi sansanonin sojojin Sudan a gabashi da arewacin Afirka tana yi musu waƙa don ƙarfafa musu gwiwa. Ta rasu a 1974, kuma mutanen Sudan na kowace ƙabila suna ƙirga ta cikin iyayen waƙarsu ta zamani.

Hukuma kuwa ba ta yi saurin sakayya ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta shar'anta cewa sai wanda kakanninsa suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen Mai Wurno sun iso bayan wannan rana da 'yan shekaru, don haka ɗan da aka haifa a bakin Nilu, wanda ubansa ya yi dakon dutse a madatsar Sinnar, sai ya tsinci kansa baƙo a ofishin jinsiyya, wato na takardar zama ɗan ƙasa. An sassauta sharaɗin zuwa 1924 a shekarun 1970, sannan zuwa 1956 a dokar 1994, amma tambayar asali ba ta bar bakin mutane ba. Ita ce ta sake kunno kai a Yulin 2022, lokacin da neman masarautar gargajiya da Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka yi ya rikiɗe ya zama rikici a Rusairis da kewaye, sannan a Wad al-Mahi a watan Oktoba, aka rasa ɗaruruwan rayuka.

Sudan tana bikin ranar sojojinta a 14 ga Agusta, ranar da ɗan ƙasa ya fara karɓar jagorancin rundunar a 1954, kamar yadda Nijeriya ke tunawa da 'yan mazan jiya a 15 ga Janairu. Yaƙin da ya ɓarke tsakanin soja da dakarun RSF a 15 ga Afrilu 2023 ya sa maganar girmama mai kaki ta yi nauyin faɗa, tun da ɓangarorin biyu duk masu kaki ne. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, Sinja a tsakiyar 2024, kafin soja su ƙwato Sinja a Nuwamba da Madani a Janairun 2025. Mazauna kambo sun sha wuya a hannun kowane ɓangare, har da harin da aka kai Kambo Tayba a Janairun 2025 ɗin. A cikin wannan hali, hidimar da jama'a suka fi yabawa ita ce ta matasan ɗakunan agajin gaggawa da masu takiyya, wato tukunyar unguwa da ake dafa wake ko fate a raba wa duk wanda ya miƙo kwano. An kashe wasunsu, an tsare wasu, kuma a 2025 aka ba ƙungiyar ɗakunan agajin kyautar Rafto ta ƙasar Norway da ta Right Livelihood ta Suwidin.